Bashin Yaya, Gidan Kowa: Shufa'ar da Muka Manta

Tun da aka matsa lamba kan karɓo bashin noma na Anchor Borrowers, wanda aka ƙaddamar a Kebbi cikin Nuwamban 2015, da kuma bashin korona na bankin NIRSAL, tsoro ya shiga gidaje da yawa a garin Awe na Jihar Nasarawa. Tsarin GSI da Babban Bankin Najeriya ya soma aiki da shi a Agustan 2020 ya bai wa banki damar bin lambar BVN ya cire kuɗinsa daga duk asusun da mai bashi yake da shi. Daga nan magana ta bazu a majalisu cewa in an gama da asusu, gida za a nufa, ko da gidan gado ne na mutum goma.

Ba haka abin yake ba. Bashi na wanda ya ci ne, sai kuma wanda ya tsaya masa. Banki ba ya sayar da gidan da ba a jinginar masa ba sai da hukuncin kotu, kotu kuma kayan ɗauka take fara bi kafin ta kai ga gini. In filin na mallakar gargajiya ne, sashe na 21 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya ce sai gwamna ya amince. Ko an kai can, kason mai bashin kaɗai ake nema.

To, ina kason nasa yake? A nan gizo ke saƙar. Awe tsohon garin gishiri ne, kamar Keana da Azara. Fatake sun yi ta zuwa daga ƙasar Hausa, wasu suka zauna suka kafa manyan gidaje. Irin wannan gida, mai zaure ɗaya da rijiya a tsakar gida da ɗakuna a kewaye, sai ka tarar kaka ya rasu, uba ya rasu, ba a taɓa raba shi ba. Takarda ɗaya ce tak, ta ciniki, ta yi jawur a cikin akwatin ƙarfe, a ɗakin babban yaya. Shi ne kuwa ya ci bashin ridi damina ta ƙi. Ƙanwarsa da ke aure a Lafiya tana da rabo a gidan nan, amma babu inda aka rubuta. In ta yi magana sai a ce, "Haba Ladi, gidan ubanku za ki tarwatsa?" Mata, waɗanda hannunsu ne ya dafa gishirin da ya raya garin, su ne farkon waɗanda ake dannewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ko bashi ya sa an sayar wa baƙo da kason yayan, maganin yana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu. Sunansa shufa'a. A mazhabar Malikiyya, idan abokin tarayya ya sayar da kasonsa na gida ko gona da ba a raba ba, sauran masu rabo suna da haƙƙin biyan kuɗin da baƙon ya biya su karɓi kason, ko ya so ko ya ƙi. Risala ta Ibn Abi Zaid ta yi bayaninta, Muhtasar na Halilu ya faɗaɗa. Haƙƙin na abokin tarayya ne, maƙwabci ba shi da shi. Wanda yake gari ya sani ya yi shiru har shekara ta wuce, ya rasa. Wanda ya yi tafiya mai nisa kuwa haƙƙinsa yana jiransa. Da zarar an raba an ja iyaka, shufa'a ta faɗi. Ɗalibai suna haddace wannan babi, amma ranar da dillali ya shigo zaure da mai saye, ba ka jin wanda ya ambace shi.

Akwai haɗarin da bai kamata a ɓoye ba. Gidan da ya yi ƙanƙanta har ba ya rabuwa, alƙali na iya sa a sayar da shi gaba ɗaya a raba kuɗin. Idan kuma mai bashin ya rasu, daga kasonsa za a fara biya kafin 'ya'yansa su gaji komai, kamar yadda ayoyin gado na Suratun Nisa'i suka tsara, sai dai ba a bin magada abin da ya haura dukiyar da ya bari.

Saboda haka masu gida su daina jin kunyar kiran malami da mai unguwa a lissafa rabon kowa, a rubuta, shaidu su sa hannu, kowane magaji ya riƙe kwafi, har matan da ke aure a wani gari. Rubuta rabo ba ya nufin a rushe katanga. Kada kuma wani ya sa hannu a takardar lamuni don kawai an ce "ai ɗan'uwanka ne" bai san nawa ne bashin ba. Hukumar NAGIS mai kula da takardun filaye a Jihar Nasarawa, da ƙaramar hukumar Awe, su fito su gaya wa jama'a da Hausa yadda ake sa sunayen magada da yawa a takarda guda da abin da za a biya. Limamai kuma su ware huɗuba ɗaya ga shufa'a kafin lokacin biyan bashin kaka ya zo.