A Rumfar Masu Jinyar MU-2

A gefen wani ƙaramin filin jirgin sama da ke yammacin jihar Texas ta Amurka, inda ƙasa ta shimfiɗu fetal babu tudu babu kwari, iska kuwa ba ta san hutu ba, akwai wata rumfa ta kwano wadda mazauna cikinta ba su da wata sana'a face jinyar jirgi iri guda, wato Mitsubishi MU-2, mai farfela biyu, wanda ya fara tashi a ƙasar Japan cikin watan Satumba na 1963, daga bisani aka riƙa ɗauko gangar jikinsa daga Nagoya ana harhaɗawa a garin San Angelo, har zuwa 1986 da aka daina ƙera shi, bayan an fitar da kimanin guda 700. Kwana uku na yi ina sammako zuwa wurin, kuma abin da na fara koya shi ne gaisuwarsu, domin da zarar an tayar da injin Garrett TPE331 da ke rataye a fiffiken jirgin, sai ka ga kowa, babba da yaro, ya cusa yatsu cikin kunnuwa saboda tsananin ƙararsa, wannan kuwa shi suke kira gaisuwar Garrett, suna faɗa suna dariya.

Shugaban makanikan dattijo ne mai furfura, wanda maganarsa ba ta da yawa, amma idan aka taɓo zancen fiffike sai bakinsa ya buɗe. Ya kai ni ƙarƙashin wani jirgi da aka kwance wa marufa, ya nuna mini cewa maƙeransa sun nemi haɗa abu biyu da ba su cika zama inuwa ɗaya ba, gudu a sama da kuma sauka a gajeren fili. Domin gudu sai suka ƙanƙanta fiffiken, har faɗinsa bai kai murabba'in mita 17 ba, alhali kuwa nauyin da yake ɗauka ya zarce tan 5, shi ya sa jirgin ke keta sama da kilomita 500 a awa guda. Domin sauka kuma sai suka shimfiɗa leɓe tun daga gindin fiffiken har kusan ƙarshensa, wanda ake saukarwa ya ƙara wa jirgi ɗauka idan gudu ya ragu. Da leɓen ya cinye gurbin, ba a bar wa ƙananan fikafikan da sauran jirage ke karkata da su wuri ba, sai aka sa waɗansu faifai a bisa doron fiffiken, waɗanda ke ɗagawa su ɓata iskar gefe guda, jirgin ya karkata can.

A nan mas'alar take, kuma a nan rayuka suka salwanta. Matuƙin da ya saba da wani jirgin mai inji biyu, idan inji ɗaya ya mutu masa jim kaɗan bayan tashi, hannunsa kan riga hankalinsa: ya janye leɓe domin rage jan iska, ya murɗa sitiyari wajen injin da ke da rai, ya riƙe. A wancan jirgin wannan daidai ne, a wannan kuwa ƙiyasi ne tare da bambanci, irin wanda malaman usulu suka hukunta da ɓaci, gama janye leɓen kafin gudu ya ƙosa yana zare wa ƙaramin fiffiken ɗaukarsa, riƙe sitiyari a karkace kuma yana barin faifan nan a tsaye suna cin abin da ya rage. Abin da ya wajaba shi ne ya bar leɓen a inda yake, ya naɗe tayoyi, ya juya ruwan farfelar da ta mutu ta daina tare iska, ya daidaita karkatar da ɗan maɓallin saiti har sitiyarin ya koma tsakiya, sa'an nan ya nemi gudu.

Bayan an daina ƙera shi sai farashinsa ya faɗi, ya shiga hannun masu jigilar cekin banki da daddare da masu hali matsakaici, kuma da yake nauyinsa bai kai fam 12,500 ba, dokar Amurka ba ta wajabta wa matuƙinsa ijaza ta musamman ba. Haɗura suka yawaita, ƙanƙara ma ta kayar da biyu a yammacin Ostireliya a 1988 da 1990, har aka yi ta kiran a hana shi tashi ɗungurungum. Hukumar kula da jiragen saman Amurka ta yi tahakiki, ta ga cewa illar ta fi karkata ga horo, sai a 2008 ta fitar da hukunci cewa babu mai tuƙa shi sai ya yi karatu na musamman, ya kuma dawo muraja'a kowace shekara, da jerin abubuwan dubawa guda ɗaya wanda kowa zai bi. Tun daga nan haɗuran suka ragu ƙwarai, kuma a ganina da an yi haka tun da fari, da jirgin bai ɗauki baƙin sunan da ya ɗauka ba.

Rana ta biyu na tarar da dattijon ya zura wani siririn madubi mai fitila cikin injin, yana duban ruwan ƙananan farfelun ciki da wuta ke bugu ɗaya bayan ɗaya, domin sandar da ke riƙe da su tana juyawa fiye da sau 41,000 a minti, tsaga kamar silin gashi kuwa ta isa ta jawo asarar dukiya mai yawa. A kan teburinsa akwai littattafan tarihin jirgin, tsofaffi, gefensu ya yi baƙi da mai, inda kowane ƙarfe da aka canja yake da lamba da rana da sa hannun wanda ya ɗaura shi, tamkar isnadi. Idan aka sami giɓi a silsilar, to, ƙarfen ya zama abin tuhuma ko da yana ƙyalli, kuma ba a mayar da shi.

Da la'asar wani saurayin matuƙi ya sauko, ya kashe injina, ya rataya jakarsa zai wuce ofis. Dattijon bai ɗaga murya ba, sai ya ce, "Ɗana, ka manta da wani abu." Saurayin ya juyo da kunya, ya kama ruwan farfela yana juyawa da hannu, ɗaya bayan ɗaya, domin iska ta ratsa injin ya huce daidai, kada zafin da ya taru a saman injin ya lanƙwasa sandar. Ya yi wa na dama, ya zagaya ya yi wa na hagu, sa'an nan aka ba shi kofi.

A bangon ofishin akwai farin allo mai ɗauke da sunayen matuƙan da ke kawo jiragensu, kowane suna da watan da muraja'arsa za ta cika. Na ga sunan wani da aka ce ya haura shekara talatin yana tuƙa wannan jirgi, watansa na rubuce a layi ɗaya da na saurayin nan.