Ƙwallon Ƙafa a Maraɗi: Yaushe Kambun 1983 Zai Dawo Gida?

Katsinar Maraɗi da Gobir ƙasar maza ce a fagen wasa. Da aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa a Tawa cikin shekarar 1975, Kantu na Maraɗi ne ya ɗauki takobin farko. Shekara takwas bayan haka, a 1983, ƙungiyar Jangorzo ta Maraɗi ta zama zakaran ƙwallon ƙafa na Nijar baki ɗaya. A 1984 sai Espoir ta Damagaram ta karɓa. Daga nan kambun ya koma Yamai, ya yi ta zagaye tsakanin ƙungiyoyin babban birni, shekara bayan shekara. Yaran da aka haifa ranar da Jangorzo ta ɗauki kambu yau sun haura shekara arba'in, wasunsu har sun aurar da ɗiya. Don haka ya dace a tsaya a duba abin da ya sa aka daɗe haka, da abin da ya kamata a yi.

Sunayen manyan ƙungiyoyin garin guda biyu kaɗai sun isa su nuna nauyin da ke kansu. Jangorzo ta ci sunan Bawa Jan Gwarzo, Sarkin Gobir da ya yi mulki a Alkalawa a ƙarshen ƙarni na 18, wanda gadon sarautarsa ke Tsibiri tun wajen 1836. Ɗan Kasawa kuwa sunan Sarkin Katsina ne da ya kafa sarauta a Maraɗi a farkon ƙarni na 19. Duk yaron da ya sa rigar ɗaya daga cikinsu ya ɗauki sunan da ba a kunyatawa. Amma suna ba ya cin ƙwallo. Abin da ke cin ta shi ne tsarin wasa, da ƙoshin jikin ɗan wasa, da kuma iya riƙe shi ko sayar da shi bisa ƙa'ida.

Tsarin wasa

Mai sauraren rediyo yakan ji ana cewa ƙungiya kaza ta fito da 4-4-2, ko kuwa 4-3-3. Wannan lissafi ba shi da wuya. Ana ware mai tsaron gida, a ƙidaya sauran goman daga baya zuwa gaba. Ke nan 4-4-2 na nufin ƴan baya huɗu, ƴan tsakiya huɗu, ƴan gaba biyu. Tsarin yana sakewa da zamani. Bayan da aka sauya dokar satar gida a 1925, Herbert Chapman na Arsenal a Ingila ya janye ɗan tsakiya ɗaya ya mai da shi baya. Ƙasar Barazil ta ci kofin duniya na 1958 da 4-2-4. A 1974 kuma ƴan Holan suka nuna wa duniya wasan da kowa ke iya tsayawa a gurbin kowa, suna kuma bin abokin hamayya da matsi tun daga bakin gidansa.

Manyan ƙungiyoyin Turai da ake gani a talabijin suna yin wannan matsi, kuma matasan Maraɗi suna sha'awarsa. Sai dai abin da ya yi Turai ba lalle ya yi bakin Gulbi ba. A watan Afirilu da Mayu zafin Maraɗi yakan wuce awo 40. Ƙungiyar da ta ce za ta yi ta bin ƙwallo da gudu minti 90 cikin wannan zafi, kafin a dawo daga hutun rabin lokaci ƙafafunta sun mutu. Abin da ya fi dacewa shi ne ƴan baya da ƴan tsakiya su tsaya kusa da juna, kada su bar rata, su zaɓi lokacin da za su yi matsi, in sun ƙwace ƙwallo su miƙa ta ga ƴan gefe masu gudu. Haka kuma bugun kusurwa da bugun tazara ba sa buƙatar kuɗi, maimaici kawai suke so. Ƙungiya mai ƙaramin ƙarfi tana iya cin wasa da su in ta ba su haƙƙinsu a wurin horo. Tun 2020 kuma doka ta yarda a sauya ƴan wasa biyar maimakon uku, abin da ke taimakon mai horon da ya iya amfani da shi a ƙasa mai zafi.

Mena ta ƙasa ta riga ta ba da misali. A zagayen neman shiga gasar Afirka ta 2012, ƙarƙashin Haruna Dula, ta ci wasanninta uku na gida a Yamai: Masar da 1-0, Saliyo da 3-1, Afirka ta Kudu da 2-1. A waje kuwa ta faɗi duka uku, ba ta jefa ko ƙwallo ɗaya ba. Duk da haka ita ta wuce, domin ƙasashe uku sun yi kunnen doki da maki tara, kuma dokar gasar ta ce a duba sakamakon da suka yi tsakaninsu. Ƴan Afirka ta Kudu ba su fahimci wannan doka ba, suka nemi canjaras da Saliyo, har suka yi rawar murna a fili, alhali sun fita. Darasi biyu ne a nan ga shugabannin ƙungiyoyin Maraɗi. Na farko, filin gida gona ce, ba a barin baƙo ya girbe ta. Na biyu, karanta dokar gasa wani ɓangare ne na dabarar wasa.

Ƙoshin ɗan wasa

Sau da yawa akan ji ƴan kallo suna cewa wane ya lalace, bana ba kamar bara ba. Wasu su ɗora laifin ga sammu, wasu ga girman kai. Amma galibi dalilin yana kusa. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600, kuma a can mafi yawan ƙungiyoyin rukuni na ɗaya suke. Ƙungiyar Yamai tana yin mafi yawan wasanninta ba tare da ta bar gari ba, ta Maraɗi kuwa sai ta wuni cikin mota. Wanda ya sauka da dare ya shiga fili kashegari bai yi daidai da wanda ya kwana a ɗakinsa ba. Ga zazzaɓin cizon sauro da damina, ga ƙurar hunturu, ga raunin da ba a bari ya warke ba aka koma wasa.

Akwai kuma zancen ciki. Ɗan wasan da bai samu albashinsa ba, da safe yana kabu-kabu ko yana kasuwa, da marece ya zo horo a gajiye. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Saboda haka ƙungiyar da ke son ganin ƴan wasanta cikin ƙoshi sai ta biya su kan lokaci ko da kaɗan ne, ta tanadi abinci da ruwa, ta nemi ma'aikacin lafiya da zai riƙa duba su, ta kuma isa garin wasa da kwana ɗaya a gaba. Mai horo kuma ya riƙe littafi, ya rubuta mintin da kowa ya buga da raunin da ya ji, domin ido yana mantuwa, takarda ba ta yi.

Saye da sayarwa

A nan ne ciwon ya fi zafi. Tun daga 2005 mafi yawan kambun ƙasa ya tafi ga ƙungiyoyin da ke da ma'aikata a bayansu: ta sojoji, ta gardi, ta ƴan sanda, ta duwan, ta jandarma, da na kamfanonin SONIDEP da NIGELEC. Waɗannan suna da kasafin da ba ya jiran kyautar wani. Ta sojoji ma har ta kai zagayen rukuni na kofin ƙungiyoyin Afirka a 2010. Ƙungiyar gari kuwa tana dogara ga taimakon ma'aikatar magajin gari, da aljihun ƴan kasuwa, da ɗan abin da aka tara a ƙofa. Duk yaron da ya haskaka a Maraɗi, kafin shekara ta zagayo an yi masa tayi daga Yamai ko daga ƙetaren iyaka. Babu mai ganin laifinsa in ya tafi, don kowa gaba yake nema. Abin takaici shi ne ya tafi ƙungiyar da ta rene shi ba ta samu ko dala ba.

Alhali dokar hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, wato FIFA, ta tanadi haƙƙin mai reno tun 2001. Idan ɗan wasa ya sa hannu a kwantara ta farko ta sana'a a wata ƙasa, ana biyan ƙungiyoyin da suka horar da shi tun yana ɗan shekara 12 kuɗin horo. Idan kuma aka sayar da shi daga wata ƙasa zuwa wata alhali kwantararsa ba ta ƙare ba, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa waɗanda suka rene shi tsakanin shekara 12 da 23. A misali, in an sayar da shi sefa miliyan 100, miliyan 5 ne na masu reno. Ƙungiyar da ta riƙe shi daga shekara 12 zuwa 15 za ta samu miliyan 1, wadda ta riƙe shi daga 16 zuwa 19 kuma miliyan 2. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi a Faransa da ke bin sawun irin waɗannan kuɗi.

Wannan lissafi ba mafarki ba ne. Musa Ma'azu ya bar Yamai zuwa Lokeren ta Beljiyam a 2008, a 2009 CSKA ta Rasha ta saye shi, daga baya ya buga wa Monaco da Bordeaux a Faransa. Ɗan Nijar yana da kasuwa. Amma sharaɗin samun rabon guda ɗaya ne: sai an ga sunan yaron a rubuce cikin rajistar hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, da lasisinsa, shekara bayan shekara. Lasisi kuma ba ya samuwa sai da takardar haihuwa ta gaskiya. Yaron Tsibiri da ya koyi riƙe ƙwallo a kan rairayi, ko na Jiratawa da ke fitowa wasa bayan ya tashi daga aikin ban ruwa, in babu takarda, a idon doka babu wanda ya rene shi.

Wajibi ne kuma iyaye su yi hattara da dillalan da ke zuwa da alkawarin kai yaro Turai, su ce a sayar da gona ko sa a ba su kuɗin hanya. Dokar FIFA ta hana kai yaron da bai cika shekara 18 ba wata ƙasa don wasa, sai bisa wasu ƴan dalilai da ta ƙayyade. Ƙungiyar kirki ita ke biyan kuɗin tafiyar wanda take so. Duk wanda ya nemi uba ya biya, to a binciki takardunsa wurin hukumar wasanni ta jaha kafin a ba shi ko sisi.

Abin da ya rage

Maraɗi ba ta rasa fili ba, ba ta kuma rasa ƴan kallo ba. A watan Fabrairu na 2019 ta karɓi rukuni guda na gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20, inda Senegal da Mali da Gana da Burkina Faso suka kara. Biyu daga cikinsu, Mali da Senegal, su suka kai wasan ƙarshe a Yamai, Mali ta ɗauki kofin. Jama'ar gari sun ga da idonsu abin da reno tun daga ƙuruciya ke haifarwa.

Aikin da ke gaba na kowa ne. Magadan gari na Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa su sauƙaƙa samun takardar haihuwa, su ware filayen wasa kafin gine-gine su cinye su. Malaman lakwal su raya gasa tsakanin makarantu. Attajiran Maraɗi, waɗanda sunansu ya kai ko'ina a harkar ciniki, su mai da taimakonsu na ranar wasa ya zama yarjejeniya a rubuce ta shekara da shekaru. Shugabannin ƙungiyoyi su yi wa kowane yaro lasisi, su ba manya kwantara, su bayyana wa magoya baya abin da ya shiga da abin da ya fita. Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci kuwa suna da nasu rabon, domin su ne za su karanta wa maƙwabci takardar da aka kawo masa kafin ya dangwala hannu a kan makomar ɗansa.

Allah ya ba da ikon yi, ya kuma maido da kambu gidan Bawa da Ɗan Kasawa.