Gargaɗi Ga Iyaye Mata Da Makitsa: Kitso Mai Zafi Na Cinye Goshin 'Ya'yanmu

Iyayenmu mata, makitsa, masu shagunan gyaran gashi, da ku 'yan mata, don Allah a saurara. Duk kitson da ya hana yarinya barci a daren da aka yi shi, a tsefe shi. Kada a jira gari ya waye, kada a tsaya lissafin kuɗin da aka biya makitsiya. Wannan zafin da muke ɗauka shi ne shaidar kitso ya kama, saiwar gashi ce ake fizga daga mazauninta. Idan aka yi ta maimaitawa, akwai ranar da gashin zai tafi, tafiyar da babu dawowa.

Kowa ya san yadda ake yi, musamman ana jibi Sallah. An danne kan yarinya a cinyar makitsiya, tana mutsu-mutsu, hawaye na gangarowa, ana ƙwanƙwasa mata mataji ana cewa ta zauna da kyau. Ana bin 'yan ƙananan gashin bakin goshi ɗaya bayan ɗaya ana cusa su cikin kitso don kada ko sili ya tsira. Idan aka gama, girarta ta ɗage sama, fatar tsagar ta tattaro ta yi tudu, ko juya wuya ba ta iyawa. Uwa ta ba ta maganin ciwon kai, ta ce gobe zai saki. Bayan kwana biyu ko uku sai ga ƙananan ƙuraje sun jeru a bakin goshi da ƙeya, wasu da farin ruwa a kansu. Waɗannan ƙurajen ba na zafin rana ba ne. Saiwar gashin ce ta kumbura saboda ja.

Ɗan Adam yana da kimanin gashi 100,000 a kansa, kowane sili yana fitowa ne daga ɗan ƙaramin gurbi a cikin fata. Da waɗannan guraben aka haife mu, jiki ba ya ƙera sababbi. Idan ja ya tuge gashi sau ɗaya ko sau biyu, gurbin yana nan da ransa, cikin 'yan watanni wani zai tsiro. Amma idan aka shekara da shekaru ana ja a wuri guda, gurbin yakan toshe ya zama tabo, fatar wurin ta yi sumul tana sheƙi. Kamar shuka ce: wadda aka yanke wa ganye za ta sake toho, wadda aka tumɓuke da saiwa kuwa, ban-ruwa ba ya dawo da ita. Abin da ke ruɗin mutane shi ne, sau da yawa wani siririn layi na ƙananan gashi yakan rage a can bakin goshi, sai a ga kamar lafiya lau, alhali a bayansa fili ne ke ta buɗewa daga saman kunne zuwa saman kunne.

Ba ƙaramar matsala ba ce. A shekarar 2007, likitar fata Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta sun wallafa binciken da suka yi a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu. Sun tarar kusan mace ɗaya cikin uku tana da irin wannan zubewar gashi, kuma a cikin 'yan mata 'yan makaranta kimanin 17 cikin 100 sun riga sun fara. Waɗanda abin ya fi kamawa su ne masu yin kitso mai ja a kan gashin da aka miƙar da rilaksa. Gashinsu irin namu ne, kuma abubuwan da suka jawo musu duk muna yin su. Wanda ke shakka ya lura da goshin mata a ɗakin amarya idan aka zame ɗankwali. Mukan ce gado ne, wasu ma su ce hannu aka sa. Kafin a zargi kowa, a fara duba kitson.

Gashin doki yana ƙara ta'azzara abin, domin nauyinsa a kan saiwar yake rataye dare da rana, balle idan an yi shi dogo har gadon baya an ɗaure shi a tsakar ka. Haka ma ribom da ake tamke gashi da shi a ƙarƙashin hijabi, kullum a wuri ɗaya, wani lokaci ma gashin bai bushe ba. Hijabi ba shi da laifi, ɗaurin da ke ƙarƙashinsa ne abin gyarawa.

Sai rilaksa, kuma a nan ne raina ya fi ɓaci. Mai ƙarfin cikinsa da soda ake yin sa, irin wadda ake haɗa sabulu da ita. Wanda aka rubuta cewa na yara ne, ko aka ce ba shi da soda, shi ma sinadari ne mai ƙona fata. Amma sai ka ji ana ce wa mace ta daure, wai sai ya yi zafi yake cin gashi. Zafin nan ƙuna ce. Washegari gashi ya manne da fatar kai, ɓawo ya fito, a bi shi da mai a ce ba komai. Babbar macen da ta ga lallai sai ta shafa, kada ta maimaita kafin mako takwas, a shafa a sabon tsiro kaɗai, a wanke da zarar an ji yaji, kuma a bar kai ya huta aƙalla mako biyu kafin a kitse shi. Yarinya ƙarama kuwa, a rabu da kanta baki ɗaya. A kuma san cewa a 2022 wani babban bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka, a kan mata fiye da 33,000, ya gano masu yawan amfani da mayukan miƙar da gashi sun fi kamuwa da kansar mahaifa. Binciken ya nuna alaƙa ne, bai yanke cewa man ne sanadi ba, amma ya isa mace ta yi tunani kafin ta mayar da shi abin kowane wata.

Idan goshi ya tafi, sai 'yan kasuwa su shigo. Ga su nan a WhatsApp da TikTok da hoton jiya da na yau, wai mai ne da ke fito da gashi cikin mako ɗaya. Gashi kusan santimita ɗaya yake tsawo a wata, duk wanda ya yi miki alkawarin fiye da haka kuɗinki yake so. Kwalba babu suna, babu lambar NAFDAC, babu wanda ya san abin da aka zuba, kada ki ɗora ta a kanki. Kada kuma a goga tafarnuwa ko barkono a wurin da ya zube, ƙuna ce a kan ciwo. Man kaɗanya da man kwakwa suna da amfani, suna tausasa gashi su rage karyewa, amma ba sa tayar da saiwar da ta mutu. Maganin shafawa da likitoci suka sani, minoxidil, yana aiki ne inda saiwa ke da sauran rai, yana ɗaukar wata uku zuwa shida kafin a ga canji, kuma mai ciki ko mai shayarwa ba ta taɓa shi sai da izinin likita.

Ba kowace zubewa ce abin tashin hankali ba. Sili 50 zuwa 100 a rana daidai ne, shi ya sa ranar tsifa ake ganin dunƙule a mataji, na makonni ne ya taru. Mai jego takan ga gashinta na zuba wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa, haka wanda ya tashi daga zazzaɓi mai tsanani, kuma yawanci yakan dawo da kansa. Idan ya daɗe bai dawo ba, ga kasala ga jiri, a je a auna jini, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo duk suna zubar da gashi. Hanta, wake, ƙwai, kifi da zogale sun fi kowace kwalba amfani ga saiwar gashi. Makero a kan yara shi ma ba na rainawa ba ne. Shafe-shafe kaɗai ba ya kashe shi, sai da maganin sha na makonni da likita zai rubuta. Yana bin mataji da hula da injin aski, kuma idan ya kumbura ya yi ruwa yakan bar tabon da gashi ba zai fito ba.

Makitsa, sana'arku mai daraja ce, kuma maganin yana hannunku. Ku bar ƙananan gashin goshi su sha iska, ku yi tsaga mai kauri, ku riƙa sauya inda kitso ya fuskanta. Idan yarinya ta ce da zafi, ku sassauta nan take, ko da uwar ce ta ce a ja don ya daɗe. Iyaye kuma, kada kitso ya wuce mako shida zuwa takwas a ka, kuma idan an tsefe a bar kai ya huta kafin a sake. Maigida, idan ka ji 'yarka na kuka da dare saboda kitso, ka sa baki.

Wadda ta ga goshinta ya fara ja baya, ko tsakar kanta na buɗewa yana faɗaɗa da ƙaiƙayi ko raɗaɗi, ta tsefe kitson yau, ta ajiye rilaksa da gashin doki, ta nemi likitan fata. Akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, da sauran manyan asibitocin koyarwa. Wadda ke nesa ta fara da asibitin da ke kusa da ita ta nemi a tura ta, kuma ta tafi da duk mayukan da take shafawa domin likita ya gani.