Mata da Kujerun Daraktoci: Ina Aka Kwana a Maiduguri?

A shekarar 2012, zamanin da Malam Sanusi Lamido Sanusi yake Gwamnan Babban Bankin Nijeriya, Kwamitin Shugabannin Bankuna ya amince cewa kafin ƙarshen 2014 mata su riƙe kashi 30 cikin ɗari na kujerun hukumomin daraktoci, da kashi 40 na manyan muƙaman gudanarwa. Wa'adin ya cika ba a kai gaci ba, amma an ga motsi. A 2015 kaɗai, an sanar da naɗin Ibukun Awosika a matsayin shugabar hukumar daraktocin First Bank, Osaretin Demuren ta hau irin wannan kujera a GTBank, Mosun Belo-Olusoga kuma a Access Bank. A 2023 Babban Bankin ya hana kowane banki kafa hukumar daraktoci ta jinsi ɗaya zalla.

Duk waɗannan kujeru a Legas suke. A Maiduguri lamarin ya sha bamban, ba kuwa don ƙarancin ilmi ba, domin Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, ta daɗe tana yaye mata masana lissafin kuɗi da shari'a da harkokin kasuwanci. Akasarin kamfanonin garin na iyali ne. Tsohuwar dokar kamfanoni ta tilasta a sami daraktoci biyu aƙalla, saboda haka sau da yawa maigida yakan sa sunan uwargida a takarda don cika sharaɗi kawai. Ba ta halartar taro, ba ta ganin littafin kuɗi, sai dai a kawo mata takarda ta sa hannu. Dokar 2020 ta yarda ƙaramin kamfani ya tsaya da darakta ɗaya, ga shi ko wannan kujera ta jeka-na-yi-ka ba dole ba ce yanzu.

Abin da ya kamata 'yan kasuwa su lura da shi shi ne, a idon doka wadda aka rubuta sunanta darakta ce cikakkiya, kuma ana iya tuhumarta a kan abin da aka aikata da sunan kamfanin ko da ba ta sani ba.

Matan da ke juya dukiya da kansu kuwa, masu turaren wuta da humra da atamfa, kaɗan ne suka yi rajistar kamfani. Gobarar Kasuwar Monday ta Fabrairun 2023 da ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024 sun cinye jarin da dama daga cikinsu, kuma banki ba ya ba da babban rance sai da jingina, galibi takardar mallakar fili, wadda ba kasafai take ɗauke da sunan mace ba.