Kowa Ya Zama Akawun Kansa

Abin da mu ke so mu tattauna da ku a wannan fitowa shi ne yankan tikitin jirgin sama ta intanet, gama kukan da mu ke ji a kansa ya yi yawa. Mu da mu ke aikin ofis, da wuya mu fito daga sallar Magariba wani bai tsai da mu ba, ya miƙo mana wayarsa ya ce, "Malam Akawu, duba mini wannan." Wani kuɗinsa sun fita, tikiti bai zo ba. Wani kuwa tikitin ya zo, amma sunan da ke kansa ya saɓa wa na fasfo, ga shi tafiya saura kwana biyu.

Tafiya dai ba baƙuwarmu ba ce. Fataucin goro ne ya kawo kakannin da yawa daga cikinmu Salaga da Kumasi, yau kuma 'ya'yanmu suna Bronx ta Niyu Yok, suna Landan da Jamus da Italiya, ban da masu zuwa Umra ko wace shekara. Manyanmu suna tune da Ghana Airways, wanda a ka kafa a 1958. A zamaninsa mutum ya kan shiga ofis, ya zauna gaban akawu, ya ba shi fasfo, ya ƙirga kuɗi, a ba shi tikiti kamar ƙaramin littafi mai jan kabon. Kamfanin nan ya daina tashi a 2004, wanda ya gaje shi kuma ya mutu a 2010, sai tafiyarmu ta nesa ta koma hannun kamfanonin waje. Sa'an nan ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, watau IATA, ta hana 'yan kamashonta ba da tikitin takarda tun daga ran 1 ga Yuni, 2008. Tun daga nan tikiti ya zama lamba ce kawai a cikin kwamfuta, abin da a ke ba matafiyi kuwa shi ne baƙi shida, haruffa gauraye da alƙaluma, ya riƙe shaida.

An ce mana wannan sauƙi ne, kuma lalle akwai sauƙi a ciki, gama mutumin Tamale ba sai ya kwana a mota zuwa Ankara domin yankan tikiti ba. Amma mu da mu ka san aikin akawu mun ga abin da a ka yi. An ɗauki aikin akawun kamfani an ɗora wa matafiyi, shi zai rubuta sunansa, da ranar haihuwarsa, da lambar fasfonsa, shi kuma zai biya. Abu guda ne ba a ba shi ba, watau ikon gyara. A ofis in akawu ya yi kure, sai ya ja layi a kan kuren, ya rubuta daidai a bisa, ya sa hannu a gefe, shi ke nan magana ta ƙare. Matafiyi kuwa da ya danna maɓallin biya, rubutunsa ya zama kamar zane a kan dutse.

Wannan ya fi cin mu, mu mutanen Zongo, sabo da sha'anin sunayenmu. Ran suna liman ya raɗa wa yaro Muhammadu, da Larabci ya san shi, babu gardama. Magatakardan rajistar haihuwa ya rubuta Mohammed. Malamin makarantar boko ya ji da kunnensa ya rubuta Mahama. Yaron ya girma, abokansa suna kiransa Mamman. Haka Husaini ya ke zama Fuseini, Sa'idu ya zama Seidu, Idrisu ya zama Iddrisu, Isa ya zama Issah. Abdurrahman kuwa, mun taɓa ƙirga masa rubutu iri biyar a cikin takardun gida ɗaya: wani a haɗe, wani a rabe, wani da ɗan layi a tsakani. A wurinmu duk mutum guda ne, kowa ya san shi, ya san ubansa. A wurin kwamfuta kuwa Issah da Isa mutum biyu ne waɗanda ba su taɓa gamuwa ba.

Akwai kuma rikicin wane ne na gaba. Fom ya kan raba gida biyu, ɗaya na sunan yanka, ɗaya na sunan dangi irin na Turawa. Mu kuwa sunan uba mu ke ɗorawa, sunan uban ma sunan yanka ne. To, Alhassan Yakubu da Yakubu Alhassan, wane za a sa a wane gida? Yaron da a ka ba shi waya ya taimaki kawunsa ya kan juya su bai sani ba. Wani kuma sabo da ladabi sai ya fara da Alhaji ko Hajiya, alhali fasfo bai san da wannan ba. Mai suna Mu'azu ko Sa'adatu, in ya sa hamzar nan ta tsakiya, shafuna da yawa su kan ƙi karɓa, haka kuma baƙi mai ƙugiya irin na Ɗanjuma. Dalili kuwa yana ƙasan shafin hoto na fasfo, inda za ku ga layi biyu na baƙaƙe da alamu masu kama da bakin kibiya. Waɗannan ne inji ya ke karantawa. Ko wane layi yana da gurbi 44, gurbin suna 39 ne kacal, babu hamza a ciki, babu ƙugiya, sunan da ya yi tsawo kuma a datse masa wutsiya. Duk wanda zai yanki tikiti, can ya kamata ya duba ya kwafa baƙi bayan baƙi.

In kure ya auku, sai a shiga neman wanda za a yi wa magana, a nan ne kuwa hankali ya ke tashi. Kamfanoni ba su yarda mutum ya sayar wa wani da tikitinsa ba, sabo da haka duk mai neman a taɓa suna suna yi masa kallon mai shirin zamba. Wasu su kan gyara baƙi biyu ko uku kyauta, wasu sai an biya, wasu su ce a sake yankan sabon tikiti. Kafin ma ka ji hukuncin, sai ka buga waya, galibi lambar ƙasar waje, wata murya ta ce danna ɗaya, danna uku, sa'an nan a sa maka kiɗa. Kana jin kiɗa kuɗin wayarka suna zurarewa. In Allah ya sa mutum ya ɗauka, ka ba shi labari tun daga farko, ya ce wannan ba sashensa ba ne, ya miƙa ka ga wani, layi ya tsinke. Gobe ka sake bugawa, wani dabam ya ɗauka, ba shi da labarin jiya ko kaɗan. A ofisoshin da mu ke aiki ko wace magana tana da fayil, kuma ko wane fayil yana da mai shi. A nan ba mai shi.

Yanzu ma an ƙara wani abu, injin amsa tambaya, wanda ya ke rubuto maka magana mai daɗi kamar mutum. Ku ji abin da ya faru a Kanada. A 2022 kakar wani mutum ta rasu, ya shiga shafin Air Canada domin ya je jana'iza. Injin ya gaya masa ya biya cikakken kuɗi, daga baya ya nemi rangwamen da a ke yi wa masu zuwa makoki. Da ya nema, kamfani ya ce ƙa'idarsa ba haka ta ke ba. Mutumin ya kai ƙara. Abin mamaki, kamfanin ya kawo hujja wai injin nan abu ne mai zaman kansa, shi ke da alhakin maganarsa. A watan Fabrairu na 2024 mai shari'a a lardin British Columbia ya ƙi wannan hujja, ya ce duk abin da ke shafin kamfani maganar kamfani ce, ya sa a biya mutumin wajen dalar Kanada 800. Abin da ya cece shi shi ne ya ɗauki hoton hirar ya ajiye. Mu da mu ke binne mamaci a yini guda, 'yan'uwa na waje kuma suna rige-rigen samun addu'ar bakwai ko ta arba'in, mun fi kowa yankan tikiti cikin gaggawa da ruɗewa, sai mu lura da wannan.

Mafi yawan waɗanda su ke zuwa wurinmu da kuka ba daga kamfanin jirgin su ka saya ba. Sun saya ne daga shafunan dillalai, domin can ne kuɗin ya ɗan fi sauƙi. Dillanci ba sabon abu ba ne a Zongo. A cinikin goro da na shanu baƙo ya kan sauka a gidan mai gidansa, mai gida ya nemo masa dillali, ya tsaya lamuni, in mai saye ya ƙi biya mai gida ne zai cika, in rikici ya ƙi ƙarewa a tafi gaban Sarkin Zongo. Dillali ya ci la'ada, amma an san ƙofar gidansa. Dillalin intanet ma yana cin la'ada, sai dai ba shi da zaure. Jirgi ya fasa tashi, ka je wurin kamfani, su ce koma inda ka saya. Ka rubuta wa dillali, ya ce yana jiran kamfani. Haka za su yi ta jefa ka tsakaninsu wata da watanni.

Jiran nan kuwa asara ce ta zahiri. A farkon 2022 dala ɗaya wajen sidi 6 ce, kafin Nuwamba ta kai wajen sidi 14. Wanda ya biya da sidi a farkon shekarar nan, a ka mayar masa da kuɗinsa bayan wata takwas, an ba shi adadin da ya biya daidai, amma ba su isa su yanka masa tikitin da ya saya da fari ba. Ga shi kuma yawancinmu kuɗinmu a waya su ke, shafunan waje kuwa katin banki su ke nema, sai mutum ya ari katin wani, in an tashi mayarwa a mayar a katin mai katin, zumunci ya shiga wani hali.

Araha ba ta ado. Shafi ya kan nuna tikiti mai sauƙi wanda zai sauka a wani birnin Turai a sake jirgi, ba zai gaya maka cewa mai fasfon Ghana yana bukatar bizar wucewa ba, ko da ba zai fita daga filin jirgin ba. Ghana da Nijeriya suna cikin ƙasashen da a ka ɗora wa wannan a ƙasashen Shengen, haka kuma a Ingila, ko da shi ke a kan ɗauke wa mai riƙe da bizar Amurka ko Kanada. Akawun da, da ya ga launin fasfonka zai tambaye ka. Shafi kuwa ya karɓi kuɗi ya yi shiru, sai a filin jirgin Ankara a tsai da kai da akwatunanka.

Duk da haka ba a rasa 'yar ƙofa ba. Dokar Amurka tun 2012 ta ce wanda ya yanki tikitin shiga ƙasar ko fita daga cikinta, kai tsaye daga kamfanin jirgi, tafiya kuma saura aƙalla kwana 7, to, sai dai kamfani ya riƙe masa wurin awa 24 bai biya ba, ko kuwa ya bar shi ya soke cikin awa 24 a mayar masa da kuɗinsa duka. Watau wanda ya ga kuren suna a daren nan yana iya sokewa ya sake. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 kuma ta sa diyya har yuro 600 a kan tafiya mai nisa in an soke jirgi ko ya yi mugun jinkiri bisa laifin kamfani, ga wanda ya tashi daga Turai, ko wanda zai shiga can a jirgin kamfanin Turai. Ba za su kira ka su ba ka ba, sai ka rubuta ka nema, da lambar tikiti da kwanan wata.

Saura maganar da ke hannunmu mu kanmu. Muna roƙon limamai da sarakunan Zongo, ran suna, bayan an shafa fatiha, a sami mai rubutun boko ya rubuta sunan jaririn da na ubansa a takarda, uba ya adana ta. Ita za a kai wurin rajistar haihuwa, ita za a nuna wa malamin makaranta, da ita za a yi katin Ghana da fasfo, kada a bar ko wane magatakarda ya rubuta abin da kunnensa ya ji. Manya waɗanda takardunsu su ka riga su ka saɓa wa juna, hanyar gyara ita ce takardar rantsuwa, sa'an nan a buga a Gazet ta Gwamnati, kuma abin ya kan ci makonni, sabo da haka mai niyyar Umrar azumi ya fara tun kafin Rajab. Wanda kuma zai zo wurin ɗayanmu a yanka masa tikiti, ya zo da fasfon kansa a hannu, gama ba za mu karɓi suna ta waya ba.