Ɗan kyanwar da aka haifa da huda a zuciya

A gidajen Matameye kyanwa ce mai tsaron rumbu daga ɓeraye. Wani lokaci, cikin ƴaƴan da ta haifa, ɗaya ba ya girma kamar sauran, wasa kaɗan sai haki. Ba kullum ne yunwa ko tsutsar ciki ke kawo haka ba.

Zuciya tana da ɗakuna 4. Akan haifi wani da huda a bangon da ya raba ɗakuna 2 na ƙasa, sai jini ya riƙa bin hanyar da ba tasa ba. Ɗan maraƙi ma yakan zo da wannan lahani.

Likitan dabbobi zai fara saurara ƙirji da abin aune. Radiyo tana nuna girman zuciya kawai. Hudar kanta sai da eko ake ganin ta, irin na'urar da ake duba mata masu ciki da ita. Ba ta da zafi, ba a yanka. Abin mamaki, ƙaramar huda takan fi babba ƙara, kuma mai ita yakan daɗe lafiya.

Ku ƙirga numfashinsa yana barci. In kullum ya wuce 30 a minti guda, ku kai shi ma'aikatar kiwo. Kada ku ba shi maganin mutane: farasetamol yana kashe kyanwa.