Kiwon Zomaye Domin Nama: Guda Nawa Ya Kamata Ka Fara Da Su?

Zomo dabba ce mai saurin hayayyafa, saboda haka yawan da ka sayo ba shi ne yawan da za ka ciyar ba. Kafin ka je sayen iri, sai ka yi lissafin bakunan da za su taru a gidanka bayan wata shida.

Lissafin haihuwa

Zomanya takan ɗauki ciki na kwana 30 zuwa 32, ta haifi 'ya'ya 6 zuwa 8, a yaye su bayan mako 6. Idan kana da mata 4, kowace ta haihu sau 4 a shekara, 'ya'ya shida-shida, ka samu 96 ke nan. Tun da ɗan zomo yakan yi wata 4 zuwa 5 kafin ya isa yanka, za ka riƙa ciyar da 30 zuwa 40 a lokaci guda.

Abinci

A yankin Keffi ciyawa da ganyen dankali sukan wadata da damina, daga Afrilu zuwa Oktoba. Amma da rani za ka auna ƙarfinka. Ka duba yawan harawar gyaɗa da ta wake da za ka iya adanawa, da kuɗin dusar masara, sannan ka tsai da adadi.

Keji

Kowace uwa tana buƙatar kejinta, namiji ma haka. Waɗanda aka yaye kuma sai a raba maza da mata kafin su cika wata 3. Cunkoso yana yaɗa cuta, musamman a zafin watan Maris.

Kasuwa

Keffi na kan hanyar Abuja. Ka nemi masu saye a gari, ko Masaka da Mararaba, tun kafin zomayen su isa. Zomon da ya wuce lokacin sayarwa, ribarka yake ci.

Shawara

Ka fara da namiji 1 da mata 3 ko 4. Namiji ɗaya ya ishi mata 8 zuwa 10, don haka ba ka buƙatar na biyu tukuna. Ka sayo shi daga gidan da ba a nan ka sayi matan ba, domin barbara tsakanin dangi tana raunana 'ya'ya. Bayan haihuwa biyu, idan abinci da kasuwa sun tabbata, ka zaɓi 'ya'ya mata daga uwayen da suka fi raino ka ƙara, ka kuma sauya namijin. Domin ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona na yankinku.